Ranar da Na Juya Shinge a Hatta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Hatta ba, ko da na so in manta, don tabonta yana nan a ƙaurina na hagu, kuma duk sanda na zo alwala sai mun gaisa da shi. Amma kafin in kai ku Hatta, wani garin duwatsu a wajen birnin Dubai, sai mun biya ta makarantarmu ta kwana ta 'yan mata a Kano, don a can aka haifi ƙaryar. In ma za a yi min adalci, ba ƙarya aka haife ta ba. Gaskiya ce 'yar mitsitsiya, ni na yi ta ɗura mata abinci har ta yi ƙiba.

Ina aji huɗu aka yi gasar wasanni ta gidaje, ni kuma 'yar gidan kore ce. Malamin wasanninmu dattijo ne, asalinsa malamin aikin gona, aka liƙa masa wasanni don babu mai so. Ya ga tseren tsallake shinge a talabijin, ya ce mu ma sai mun yi. Hodul muke ce wa tseren. Ya sa kafintan makaranta ya buga dogayen shinge shida da karyayyun bencina, kowanne da ƙafafu biyu da suka miƙe ta ɓangare guda. Malam ya duba, ya sake dubawa, ya ce ai hankali ma ya nuna ƙafafun nan ta baya za su zauna, su tokare shingen kada ya faɗi. Ya ɗora wa kowace ƙafa dutse. Sannan ya kafa doka: duk yarinyar da ta kayar da shinge, ita da wankin banɗaki har sati guda.

Mu huɗu muka shiga. Ta gidan ja ta daka tsalle a na farko ta sauka da haɓa, aka kwashe ta. Ta gidan shuɗi ta ga jini ta juya da baya tana kuka. Ta gidan rawaya, wadda ta fi mu gudu nesa ba kusa ba, ta yi nazari ta ga bi ta ƙarƙashi ya fi sauƙi, aka kore ta. Ni kuwa in na iso gaban shinge sai in tsaya cak, in tattare siket, in ɗaga ƙafa ɗaya in haura, in jawo ɗayar, in yi bisimilla in nufi na gaba. Haka na haure shidan ni kaɗai a fili, 'yan gidan kore suna ta ihu. Aka ba ni bokitin roba da sabulu biyu.

Wannan shi ne tarihina kakaf a harkar guje-guje.

Shekaru suka wuce, na yi aure, muka dawo Dubai da zama. Ina aiki a wani kantin magani a unguwar Satwa, mijina Abban Safiyya kuma yana wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Warsan, inda gidanmu yake. To ƙasar mutane tana da wani daɗi: babu wanda ya san ki da majina a hanci. Da fari abin da nake cewa kawai shi ne na taɓa cin tseren hodul a makaranta. Da aka yi zaman Sallah na matan Najeriya sau biyu sau uku, sai ya koma na cinye duk makarantun 'yan mata na shiyyarmu. Wata rana ƙawata Maman Iklima, wadda ba a taɓa ba ta labari ta mayar da shi yadda ta karɓa ba, ta gabatar da ni ga wasu baƙi da cewa ni na wakilci jiha. Ban ƙaryata ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai zamani ne ya wuce." Bokitin roba ya zama kofi, kofin kuma ya ɓace a wajen kwasar kaya. Akwai kuma jimla ɗaya da na fi ƙauna, wadda nake rufe labarin da ita: "Ni dai ban taɓa kayar da shinge ko ɗaya ba a rayuwata." (Allah shaida ne, wannan gaskiya ce. Da tarakta ma sai an yi da gaske kafin a kayar da shingen malam.)

Wadda ta fi kowa jin wannan jimla ita ce 'yata Safiyya. Shekararta goma sha uku, doguwa, ƙafafun dangin ubanta ta ɗebo. Ita da kanta ta nemi shiga wata ƙungiyar guje-guje ta 'yan mata, kuma da aka tambaye ta abin da take so ta ce tsallake shinge, irin na Ummanta. Na ji daɗi har da kiran 'yan uwa a gida.

Mai horar da su wata Baturiya ce 'yar ƙasar Suwidin, kowa Koci yake ce mata. Doguwa, siririya, gashinta kamar na masara, ta kai arba'in da wani abu. Tarihinta a bakin Safiyya na haddace shi, don kullum da shi muke cin abinci. Wai tun tana ƙarama take gudu a cikin rufaffen zaure saboda ƙanƙara ta rufe filin garinsu. Wai ta shafe shekaru tana yi wa ƙasarta tseren mita ɗari na tsallake shinge, ta zaga ƙasashe, ta tsaya a layi da matan da suka fi kowa gudu a duniya. Wai gwiwarta ce ta gaza, aka yi mata aiki har sau biyu, ta haƙura ta ajiye takalmi, ta biyo mijinta Dubai inda zafi yake yi wa gwiwar daɗi. Ni dai in ana wannan hira sai in gyaɗa kai irin na 'yar sana'a, in ce, "Ai gwiwa ita ce matsalarmu."

Sai dai Safiyya ba ta ci gaba. Koci ta ce tsallenta ya yi sama da yawa, tana ɓata lokaci a iska, kuma da zarar ƙafarta ta goga shinge sai ta tsaya ta fita daga layi. Ta kan dawo gida da jajayen idanu. Ni kuma, uwa mai hikima, sai in rungume ta in ce, "Ki kwantar da hankalinki, abin a jini yake. Ni ban taɓa kayar da ko ɗaya ba, ke ma za ki kai." Sai ta ƙara yin shiru, ni kuma in ɗauka lallashina ne ya shige ta.

Ana haka aka sanar za a kai su Hatta a gwada su, a zaɓi waɗanda za su shiga tawagar ƙungiya. Muna cikin mota ta ce min, ba ta ko kalle ni ba, "Umma, in ba a ɗauke ni ba na daina gudu. Ba zan ci gaba da zubar miki da mutunci ba." Yarinyar nan babu abin da take so a duniya kamar gudu. A garin da rabin shekara zafi ke kulle yara a ɗaki, filin nan ne kaɗai wurin da nake ganin haƙoranta. Maganar ta soke ni, amma maimakon in faɗi gaskiya a nan take, sai na ce, "Za a ɗauke ki, inshallah," na ƙara sanyin mota.

Abin da ban sani ba shi ne Safiyya ta riga ta kai labarina gaban Koci. Ranar Laraba na je ɗaukarta, ina zaune a mota ina cin gyaɗa, sai ga Baturiya ta nufo ni tana fara'a. Ta kama hannuna da hannu biyu. Da Turanci muka yi magana, amma ga yadda ta kasance.

"Ashe 'yar uwa ce ban sani ba! Nawa ne lokacinki mafi kyau?"

"A zamaninmu ba mu damu da agogo ba," na ce.

"Taku uku kike yi tsakanin shinge da shinge?"

"Ya danganta da yanayi."

Ta fashe da dariya har da dukan rufin mota, ta ɗauka barkwancin tsofaffin 'yan wasa ne. Ta ce lallai in zo Hatta in nuna wa yara ko da shinge biyu ne, don su ga uwa ma tana iyawa. Na ce inshallah, irin inshallah ɗin Dubai da kowa ya san ba zuwa za a yi ba. Ita kuwa ta ciro waya ta rubuta ni a jadawali.

Da na gaya wa Abban Safiyya, sai ya ajiye cokali ya dube ni. Shi kaɗai ne a faɗin ƙasar nan ya san zancen bokiti.

"Maman Safiyya, ke da kike jiran lif don hawa bene ɗaya?"

"Ai jiki ba ya mantawa."

"Me zai tuna?"

Duk da haka washegari ya kawo min kwalaye uku daga sito. (Har yau ban sani ba ko taimako ne ko mugunta.) In Safiyya ta tafi makaranta sai in jera su a falo in yi ta tsallakewa. Rana ta biyu maƙwabcinmu na ƙasa, wani Bamisire, ya hawo ya ƙwanƙwasa, ya tambaya cikin ladabi ko tashi za mu yi ne, don yana da ɗan uwa da ke neman gida. Na kuma kalli bidiyo da yawa, amma idona yana kan ƙafafun mata, ban taɓa kallon ƙafafun shinge ba. Sannan na je wajen telana a Satwa, na ce ya ɗinka min kayan gudu kore shar, riga har gwiwa da wando. Ya tambaye ni sau biyu ko ni ce zan sa. Na ce ya matse wandon kaɗan saboda iska.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka ɗau hanya. Muka yi ta tafiya har duwatsun Hatta suka fara bayyana. Filin yana gefen wasu gonakin dabino, ga sanyi mai daɗi, ga awaki suna leƙowa ta waya. Iyaye mata suka kafa teburin shayi a bakin fili, Maman Iklima ta zo da dambun nama da wayarta cike da caji. Koci ta kwashi yaran su yi ɗan gudun ɗumama jiki ta hanyar dam ɗin garin, ta ce da sun dawo sai ni in buɗe fili, sannan a fara gwaji.

Don in ɓoye tsoro, sai na goya hannu a baya na shiga fili ina duba kayan aiki. An liƙa takarda: Safiyya layi na uku. Na dubi shingen layin, sai na tsaya. Duk ƙafafunsu suna fuskantar mai gudu. Babu abin da ya tokare su ta baya.

Wallahi daɗi na ji. Tun da aka fara wannan bala'i, yau ga abu ɗaya da na sani.

Na yafito mai kula da filin, wani dattijo ɗan Indiya mai farin gashin baki. Na ce, "Baba, wa ya jera waɗannan? Ai a juye suke."

Ya ce, "Madam, tun gashin nan yana baƙi nake jera su haka."

Na ce ya matso. Na sa yatsa biyu na tura shinge, ya kife. "Ka gani?" Na ɗaga shi na juya ƙafafun baya, na tura da tafin hannu, ko gezau. "Ka gani?"

Matan da ke teburin shayi suka taso. Wata 'yar Sudan ta ce subhanallah, ashe shi ya sa 'yarta take ta zubar da su. Dattijo yana ta kaɗa kai yana cewa a jira Koci, a jira Koci. Maman Iklima ta dafa ƙugu ta ce, "Baba, shwaiya shwaiya, bi a hankali. Wannan da kake gani zakarar jiha ce. Jiha guda, ba unguwa ba."

Lokaci ba zai isa a gyara duka ba, don haka na zaɓi layi na uku. A raina na ce yau dai shingen 'yata ba zai faɗi ba, ko ta taɓa shi. Muka juya takwas ɗin tas. Da na waiga na ga Hatta gari ne da Allah Ya yi wa arzikin duwatsu, sai na tuna malam, na sa aka kwaso aka ɗora wa kowace ƙafa nata. Dattijo ya dubi aikinmu, ya dafe kai, ya hau kekensa ya yi hanyar dam. Na ce wa mata kunya ce ta kore shi.

"Yalla, maza, ƙawata," in ji Maman Iklima tana ɗaga waya, "ki ɗan gwada mana kafin su dawo."

Na yi lissafi cikin sauri. In na yi yanzu a gaban matan da ba su san komai ba, in Koci ta dawo sai in ce na riga na yi, gwiwa ta motsa. Shinge ɗaya ne, kuma bai fi kwalina tsawo da wani abin kirki ba. (Ya fi shi. Ya ninka shi.) Na koma wajen farawa, na durƙusa yadda na gani a bidiyo, na ji wando ya yi wani ɗan gargaɗi, na share. 'Yar Sudan ta tafa hannu, na zabura.

Ina cikin gudu na hango su. Dattijo a kan keke, yara a baya, Koci a gaba tana ɗaga hannuwa biyu tana ihu. Na ɗauka kirari take min, har na ƙara wuta. Sai na ga ta sheƙo, kuma ba ta bi ta ƙofa ba, ta yanko kai tsaye. Akwai benci a gabanta, ta wuce shi. Akwai akwatin ƙanƙara, ta wuce shi. Akwai teburin shayi da fulas uku da kwanon dambu, ta bi ta samansa, ko kofi ɗaya bai motsa ba. Abin da ya ɗaure min kai, ba tsalle take ba. Kanta bai ɗaga ba, taku ne kawai ya ɗan fi sauran tsawo. Mace mai gwiwar da aka yanka sau biyu. A rayuwata ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma a daidai wannan lokaci na gane abin da na yi a aji huɗu ba shi da ko dangantaka da wannan sana'a.

Matsalar ita ce ina kallonta ne ina gudu.

Ƙaurina na hagu ya daki katako. Shingen kuwa ya yi abin da na shirya shi ya yi, ya tsaya daram, duwatsuna suka riƙe amana. Ni ce na tafi. Na ninke a kansa ta ciki, kai da hannuwa ta can, ƙafafu suna reto ta nan, kamar zanin da aka shanya a igiya. Wando ya cika alƙawarin da ya ɗauka, da ƙarar da har awaki suka ɗago kai. Hijabina ya zazzago ya rufe min fuska. Na yi yunƙurin gaba, babu hali. Na yi na baya, babu hali. Da na samu na yaye hijabin, duniya a kife take, ga takalman yara ashirin a jere, a tsakiyarsu ga wasu masu ruwan hoda da ni na saye su da hannuna.

Kun san abin da zakarar jiha ta ce? Na ce, "Khalas, ya isa, ku sauke ni."

Koci ce ta ɗauke ni cak ta zaunar a ciyawa, Allah Ya saka wa telan da ya yi rigar har gwiwa. Ta matsa ƙafar, ta ce ba karaya, fashewa ce. Aka kawo ƙanƙara. Sai ta miƙe ta dubi layi na uku daga farko har ƙarshe, shinge takwas a juye, kowanne da duwatsunsa. Fuskarta ta canza.

"Wa ya yi wannan?"

Maman Iklima ta shiga neman murfin fulas. 'Yar Sudan ta tuna tana da kira. Dattijo, mutumin kirki, bai nuna ni ba, ya zuba wa duwatsun Hatta ido. Na ɗaga hannu a hankali.

"Don kada ya faɗi," na ce.

Ta je ta ɗauko shinge daga layi na biyu ta ajiye a gabana, ta taɓa shi da gwiwa, ya kife. Ta ce, "Don ya faɗi aka ƙera shi. In yarinya ta dake shi, shi ne zai kwanta, ita ta wuce. In aka juya shi, shi zai tsaya, ita ta kwanta. Ke da ɗan saurinki kin ga abin da kika samu. Layin wa ne wannan?"

Ita ma ta san amsar, don ita ta rubuta takardar.

Dariyar da wasu ke dannewa ta mutu. Na dubi siraran ƙafafun Safiyya, na dubi katakon da ya fasa min ƙauri. Da Maman Iklima ba ta zuga ni ba, da 'yata ce za ta zo da cikakken gudunta ta haɗu da abin da na gina mata. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, sai kunyar wando ta zama wasan yara.

Koci ta durƙusa kusa da ni, muryarta ta sauko. "A ina kika yi gudu?"

A nan, a zaune a ciyawa da ƙanƙara a ƙafa, a gaban yara ashirin da iyayensu da awaki, na kwance komai. Malamin gona, karyayyun bencina, wankin banɗaki, ta gidan rawaya da ta bi ta ƙarƙashi, tattare siket, bokiti da sabulu biyu. Ban rage ko sabulu ɗaya ba. Koci ta yi ta ƙoƙarin riƙe fuska, amma da na zo kan ta gidan rawaya sai ta zauna daɓas ta rufe ido da hannu, kafaɗunta suna rawa.

Safiyya ba ta yi dariya ba. Ta ce da Hausa, a hankali, "Umma, kin ce ba ki taɓa kayar da ko ɗaya ba."

"Ban taɓa ba, 'yata. Ban kuma taɓa tsallake ko ɗaya ba."

"Wata shida ina shiga banɗaki ina kuka duk ranar da na taɓa shinge."

Na ce ta yafe min.

Koci ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta ciro wayarta ta kira yaran su matso. Ta nuna musu wani tsohon bidiyo: babban fili cike da jama'a, mata takwas a layi, ita a tsakiya da kayan ƙasarta. Ta ce wannan ne tseren da ta shafe shekaru tana shiri dominsa, iyayenta suna cikin 'yan kallo. Tana gaba-gaba har kusa da ƙarshe, sai ƙafarta ta kama shinge, ta tafi da fuska, sauran suka wuce. Muka ga ta tashi, gwiwa na jini, ta ƙarasa ita kaɗai. Ta mayar da bidiyon baya ta sake nuna faɗuwar, sannan ta naɗe wando ta nuna tabon.

"Shingen da na kayar a rayuwata zai cika kwantena," ta ce, tana kallon Safiyya. "Babu wanda ke ƙirga su. Wadda ta riga isa ake dubawa. Yalla, a gyara layi na uku."

Dattijo ya kwashe duwatsuna ɗaya bayan ɗaya, yana ajiye su a gefena, ban san dalili ba.

Da aka zo kan rukuninsu Safiyya, ban iya tsayawa ba, daga zaune na kalla. Ta daki na biyu, ya kife. Na jira ta fita daga layi yadda ta saba. Ba ta fita ba. Ta daki na huɗu, ta daki na biyar, na bakwai ma ta tafi da shi, ƙara kawai kake ji kamar ana rushe rumfa. Ta zo ta uku. Ni da ke da'awar tsabtar tarihi, na tsinci kaina ina ihu ina cewa, "Kayar da su! Kayar da su duka!" Da aka karanta sunayen tawaga, nata ne na ƙarshe a takardar, amma yana ciki.

A hanyar komawa ita da Iklima suka zauna a baya, Maman Iklima ta ja motar don ƙafata ba ta taka birki. Ta rantse min ta goge bidiyon. Kafin mu iso Warsan ya isa Kano. Har ta gidan rawaya, wadda rabona da ita tun muna 'yan mata, ta nemo lambata ta aiko da saƙo guda: "Da ta ƙarƙashi kika bi."

Abban Safiyya ya buɗe ƙofa, ya dubi ƙafata, ya dubi zanin aro da na ɗaura a kan koren wando, ya ce, "Jiki ya tuna?" Na zube a kujera. Safiyya ta wuce ciki kai tsaye, na ce shi ke nan, na gama zubar da girmana a idon yarinyar nan, kuma ni na jawo.

Can sai ga ta ta fito tana rinjaya da bokitin wankinmu, cike da ruwan ɗumi da gishiri. Ta ajiye a gabana, ta durƙusa ta kama ƙafar ta sa a ciki a hankali.

"Naki wane launi ne, Umma?"

"Shuɗi."

"To wannan ma shuɗi ne. An gano kofin da ya ɓace."

Muka yi dariya har na fara hawaye, ita kuma ba ta saki ƙafar ba.

Yanzu duk ranar gasa ina bakin fili da fulas ɗina, an kuma hana ni taɓa duk wani abu mai ƙafafu, har kujera sai dattijo ko wani ya ajiye min. In wata sabuwar uwa ta tambaye ni ko ni ma na taɓa yi, sai in ce ƙwarai, na taɓa cin bokiti. Abin da na koya a Hatta kuwa ba shi da yawa. In za ki ƙara wa labarinki gishiri, ki duba wa ke zaune kusa da ke yana haddacewa. In kuma kika ga abin da aka ƙera don ya faɗi, ki bar shi ya faɗi, don in kika tokare shi wani ne zai faɗi a madadinsa. Ni dai Allah Ya rufa min asiri, ni ce na riga 'yata isa wurin.